Garin Neman Gira Muna Rasa Ido

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati, ina so duk wanda ya fito daga Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura ya tuna abin da yakan gani a ƙofar mai kemis na garinsu bayan sallar magariba, musamman a tsakiyar damina. Manomi ya dawo daga gona, ɗan dako ya taso daga kasuwa, mai buga bulo ya wanke hannu, kowa ya miƙa 'yan kuɗinsa ya ce, "A ba ni na ciwon jiki." Mai kemis ba ya tambayar ina ke ciwo, ko yaushe ya fara, ko mutum ya sa wani abu a cikinsa. Sai ya ɓallo ƙwaya ja, da farare biyu, da rawaya, da wata 'yar mitsitsiya, ya ƙulle a leda ya ce a haɗiye gaba ɗaya. Wannan shi ake kira haɗi. Mai sha bai san sunan ko ɗaya ba, sau da yawa kuma mai sayarwar ma launinsu ya fi sani a kan aikinsu.

Abin da na zo in faɗa a wannan shafi ba mai daɗin ji ba ne. A ƙasar nan an yi wa maganin ciwo riƙon bai-bai. Magani mai ƙarfi yana nan birjik a bakin titi ga wanda ba ya bukatarsa, ga shi kuma ya yi ɓatan dabo a gefen gadon da mai ciwon daji ke kuka. Da aka tashi neman mai laifi kuwa, sai aka cafko wanda ya fi kowa rauni, aka ce shi ne.

Kafin mu kai ga wannan, bari mu san abin da muke haɗiya, domin rashin sani ya fi dare duhu. Magungunan kashe ciwo da ke yawo a hannunmu gida uku ne.

Gida na farko shi ne farasitamol, wanda iyayenmu suka fi sani da Panadol. Yana sauke zazzaɓi, yana rage ciwon kai da ƙananan ciwace-ciwace, kuma shi ne mafi sauƙin illa idan an bi ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa ita ce kada babban mutum ya wuce giram 4 a kwana ɗaya, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe, ba a tashi ɗaya ba. Hanta ce ke tace shi, idan kuma aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta sai ta lalace, kuma mugun abin shi ne ɓarnar ba ta bayyana sai bayan kwana biyu ko uku, lokacin da mutum ya ɗauka ya tsira. Yawancin magungunan mura ma da farasitamol a cikinsu, saboda haka mai shan na mura da na ciwon kai da haɗi a yini guda ya ninka shi sau uku bai sani ba. Ko wannan mai sauƙin ma, idan babu mai sa ido a kan masu yin sa, yakan zama ajali. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan an ba su farasitamol na ruwa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wasu 84 suka bi su ta hanyar maganin haƙori mai suna My Pikin. Duka biyun guba iri ɗaya aka samu a ruwan da aka dama maganin da shi, wani sinadarin masana'antu irin wanda ake sa wa a man birkin mota. Shekara 18 ke tsakanin masifun biyu, amma ba mu koyi komai ba.

Gida na biyu su ne masu kashe ciwo da kumburi: asfirin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayarwa a 1899, da ibufurofin, wanda ya fito a Ingila a 1969, da daikulofenak, da firoksikam. Waɗannan su ne ƙashin bayan haɗi. Aikinsu shi ne su hana jiki yin wani sinadari da ke kawo zafi da kumburi. To, amma wannan sinadari shi ne kuma ke yi wa bangon ciki shamaki daga ruwan tsami, shi ne ke buɗe wa ƙoda hanyar jini. Wanda ya dinga shan su kullum, musamman da yunwa, yana haƙa wa kansa gyambon ciki. Wanda ya sha su bayan ya wuni yana zuba gumi a rana bai sha isasshen ruwa ba, yana shaƙe ƙodarsa da hannunsa. Ku auna wannan da ƙasarmu, inda zafin bazara kan haura maki 40, inda mutum kan buɗe baki da ƙwaya a watan azumi kafin ya kai loma. Asfirin ba na yara ba ne, kuma duk gidan nan ba na mai tsohon ciki ba ne. Ko dabba ba ta tsira ba. A Indiya, daga shekarun 1990, ungulaye suka yi ta faɗuwa matattu har suka kusa ƙarewa, aka bincika aka tarar mushen shanun da aka yi wa allurar daikulofenak suke ci, ƙodarsu ta mutu. A 2006 gwamnatin Indiya ta hana ba dabbobi shi. Ungulu ta sami mai kare ta a can, manomin Roni kuwa ana ƙulla masa shi a leda tare da 'yan'uwansa biyu, har a daɗa masa da wata 'yar ƙaramar ƙwaya mai suna deksametason, wadda ke kumbura fuska, ta tayar da hawan jini da ciwon sukari, ta kuma daɗa wa gyambon ciki wuta.

Ba a littafi na fara sanin wannan ba. Kawuna manomi ne, mutum ne da ba a taɓa ganin ya kwanta don ciwo ba. Damina uku yana shan haɗi kowane dare, yana cewa shi ne ke sa ya tashi garau ya kama fartanya. Wata asuba aka same shi a bakin rijiya yana aman jini. Jini leda uku aka ƙara masa, aka sayar da saniyar huɗarsa ɗaya aka biya. Da likita ya tambayi sunan abin da yake sha, duk gidanmu aka rasa mai amsa, har da ni da ake kira ɗan jami'a. Kunyar wannan rana ce ta sa ni karanta abin da nake rubuta muku yau.

Gida na uku shi ne na manya: kodin, da tiramadol, wanda titi ke kira tiramol, da allurar pentazosin, da mofin. Mofin da kodin daga ƙaron wani fure ake samo su, tiramadol kuwa haɗa shi aka yi a ɗakin bincike a Jamus, aka fara sayar da shi a 1977. Su ba inda ke ciwo suke zuwa ba, ƙwaƙwalwa suke tafiya su toshe mata kunne. Shi ya sa suke iya abin da sauran ba su iyawa, shi ya sa kuma jiki ke sabawa da su har ya ƙi zama lafiya sai da su. Idan suka yi yawa sukan danne numfashi, tiramadol kuma yakan jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yadda za a bi da waɗannan gidaje kamar tsani mai hawa uku: a fara da masu sauƙi, idan ciwo ya ƙi a hau zuwa irin su kodin, idan ya tsananta a kai ga mofin, kowane hawa da sanin likita. Mu kuwa mun kifar da tsanin. Ɗan shekara 17 da bayansa ya ƙage don ɗaukar buhu yana farawa daga sama, tsohuwar da ciwon daji ke ci an bar ta a ƙasa.

Ku dubi abin da ya faru a idonmu. A watan Oktoba na 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalba miliyan 3 ta maganin tari mai kodin ake sha kullum a Kano da Jigawa kawai. Aka yi jimami, aka tashi. Sai da gidan BBC ya nuna fim a ƙarshen Afrilu na 2018, inda aka ga ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da shi ta bayan gida, aka ga samarin Kano ɗaure da mari, sa'an nan kashegari Ministan Lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya hana yin sa da shigo da shi. Watau kukan iyayenmu na shekara da shekaru bai isa ba, sai da baƙo ya gani muka ji kunya. A farkon 2019 rahoton binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 sun sha ƙwaya cikin shekara guda a Nijeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma irin su tiramadol da kodin suka sha ba bisa umarnin likita ba. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramadol mai miligiram 50 da 100 ne kawai, kuma likita ba ya wuce 400 a kwana, amma wanda ya cika tashoshinmu mai 200 ne da 225 da 250. Da aka matsa wa tiramadol, sai 'yan kasuwa suka sake riga. A watan Fabrairu na 2025 BBC ta sake bankaɗo wani kamfani a Mumbai da ke haɗa tapentadol da karisofurodol, haɗin da babu ƙasar da ta yarda da shi, yana turo shi Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol, sai a lokacin Indiya ta hana. An kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma kullum sai mun jira wani ya nuna mana raminsa.

Yanzu ga tambayar da nake so mu yi wa kanmu: wa ke shan wannan abu, kuma don me? A kan mumbari da rediyo amsar ɗaya ce, wai 'yan iska ne marasa tarbiyya. Akwai su, ban musa ba, kuma kowane baligi yana da alhakin abin da ya kai bakinsa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mafi yawan waɗanda na sani suna shan tiramol a garinmu ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan acaɓa ne da ke son ya kai dare a kan babur, ɗan ƙwadago ne da ake biya da yawan kunyar da ya nome, mai haƙar yashi ne, ɗan ga-ruwa ne da ya tafi cin rani Kano. Na taɓa ji da kunnena wani mai gona yana tambayar 'yan ƙwadago ko sun yi caji kafin ya ɗauke su, domin wanda ya sha ya fi sauri. A wurin irin waɗannan, ƙwaya kayan aiki ce kamar garma. Jikinsu na gaya musu su huta, cikin 'ya'yansu na gaya musu su tashi, sai su sayi abin da zai rufe wa jikin baki. Wanda ya ci ribar guminsu bai sha ba, shi ya sa sunansa mutumin kirki.

Sa'an nan kwantenonin da hukumar NDLEA ke kamawa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Onne, maƙare da miliyoyin ƙwayoyi, ɗan acaɓan Babura ne ya yi odarsu? Shi ya biya kuɗin jirgi, shi ya san jami'in da zai kau da kai, shi ya raka kayan daga bakin teku har iyakar Nijar? Ko shi ne ke raba wa samari ƙwaya a bayan mota ranar gangamin siyasa? Yaron da aka kama da kati biyu a aljihu ana aske masa kai a nuna shi a talabijin. Wasu iyayen kuma, don rashin inda za su kai 'ya'yansu, suka miƙa su gidajen mari, har sai da 'yan sanda suka fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da nan maƙwabciyarmu Daura a 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa da tabon bulala. Sarƙa ba ta cire tiramadol daga jini. Wanda jikinsa ya saba, a hankali ake janye masa shi a hannun likita, a kuma sama masa abin yi.

Ɗaya fuskar zaluncin ita ce wadda ba a wa'azi a kanta. Gwaggona ta rasu da ciwon daji na mama. Wata biyu na ƙarshen ranta ba ta yi barcin sa'a biyu a jere ba, maƙwabta kan ji kukanta ta katanga. An sallamo ta daga asibiti da farasitamol da addu'a, aka ce wanda ya fi wannan babu shi a nan. A ƙarshe wani ɗan'uwa ne ya sayo mata tiramol a tasha, a ɓoye, kamar ɓarawo. Mofin na sha, wanda shi ne maganin irin ciwonta, tsohon magani ne mai araha, an san shi fiye da shekara 200. A 2017 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa a duniya. A Amurka kuwa yawansa ne ya zama annoba, bayan kamfanin Purdue ya fito da OxyContin a 1996 ya yaudari likitoci game da haɗarinsa, laifin da aka amsa a gaban kotu a 2007, aka sake amsa wani a 2020. Su ruwa ya ci su, mu ƙishirwa ke kashe mu, ga kuma gurɓataccen ruwa a kwata yara na sha. Ku tambayi duk mai amosanin jini a cikinmu, a ƙasar da ake haifar jarirai wajen 150,000 da wannan cuta kowace shekara, yadda ake kallonsa idan ciwon ya tashi cikin dare ya nemi allura mai ƙarfi. Kallon ɗan ƙwaya ake yi masa. Wasu daga cikinsu da suka gaji da wulaƙanci suka koma yi wa kansu allurar pentazosin a ɗaki, har ta kama su, ta bar musu gyambo a cinya.

Na san wani zai ce ai ciwo jarrabawa ce, haƙuri kuma lada ne. Gaskiya ne, amma addinin da ya hore mu da haƙuri shi ne ya hore mu da neman magani, kuma ban taɓa ganin babban mutum ya ƙi allurar kashe zafi a asibitin Misira ko Indiya don neman lada ba. Haƙurin dole talaka kaɗai ake koya wa.

Wani kuma zai ce a rufe kemis-kemis duka a huta. Wannan maganar wanda bai taɓa kwana a ƙauye ba ce. A ƙauyukan Gwiwa da Roni, idan yaro ya yi zafi da tsakar dare, ƙofar mai kemis ake bugawa, domin shi ne kaɗai zai buɗe. Lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ke ba shi na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu na asali, babu allura, babu tiramadol, babu ɓalle-ɓalle a ƙulla a leda. Dokar tana nan, mai bin sawunta ne babu. A watan Fabrairu na 2024 an rufe shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Garin Kano don a tilasta wa dillalai komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, kuma wannan mataki ne mai kyau, tun da daga Kano kayanmu ke biyo hanyar Daura su iso mu. Amma gyaran tushe bai isa ba idan mai tallar magani a kwando yana nan yana gasa shi a rana ranar kasuwa. Kuma me ya kai mutane wurinsa tun farko? A Abuja, a watan Afrilu na 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. Gwamnatin tarayyar da aka yi alkawarin a gidanta ba ta taɓa cika shi ko sau ɗaya ba.

To, mene ne namu a ciki? Mu ne 'yan boko na gidajenmu. Mu ake miƙo wa kwalin magani a ce mu duba, mu kuwa mu jujjuya shi mu ce, "Mai kyau ne." Wasunmu ma da ƙwaya suke karatun jarrabawa. Saboda haka gyara daga kanmu zai fara. Kada wani a gidanku ya ƙara haɗiye abin da ba a san sunansa ba. Kada a haɗa biyu daga gida na biyu, kada a sha su da yunwa, kada mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko tsohon ciki ya kusance su sai da izinin likita. Ciwon da ya wuce kwana uku asibiti yake nema, domin ciwo ɗan aike ne, wanda ya kashe ɗan aike kuwa bai kashe saƙon ba.

Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, da 'yan'uwanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, mu ware mako guda a hutu mai zuwa, masu karatun likita da harhaɗa magani a gaba, mu bi tashoshin mota da majalisu da makarantun Islamiyya na mata mu bayyana gidajen nan uku da Hausar da kowa zai gane. Mu nemi masarautun Kazaure da Ringim su sa hakimai da dagatai su san duk mai sayar da magani a ƙasarsu da takardar da yake riƙe da ita. Mu nemi gwamnatin Jigawa ta ajiye mofin a kowane babban asibiti, a kulle, da littafin lissafi da ma'aikacin da aka horar, ta kuma buɗe wa waɗanda ƙwaya ta kama wurin jinya na gaskiya. Ku kuma yayyenmu ma'aikata, ku ne ke zaune a teburan da takardun lasisi da na duba shaguna ke bi. Ranar da aka turo muku ambulan don ku sa hannu ba ku je kun gani ba, ku tuna ƙanenku ne zai sayi abin da ke cikin shagon.

Kawuna ya tashi, amma bai ƙara noma gonarsa duka ba, rabinta ya ba da aro. Ranar da zan dawo makaranta ya kira ni ya ciro wata leda daga aljihu, ƙwaya biyar a ciki, wani abokinsa ne ya ba shi. Ya ce, "Kai da ka yi karatu, gaya mini wanne ne ya cuce ni a cikinsu." Wannan karon na iya nuna masa, har guda biyu. Allah ya sa kowannenmu ya iya amsa irin wannan tambaya tun kafin a yi masa ita a bakin gadon asibiti, amin.